Ga ɗan'uwanmu da firintarsa ta ƙi hawa sabuwar rauta

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, cewa ka sauya rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, wayoyin gidan duk sun hau Wi-Fi lafiya lau, amma firinta da kyamarar ƙofa sun ƙi haɗuwa, kuma wallahi sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Kafin komai ina roƙonka kada ka yar da kayanka, kada kuma ka yarda wani ya ce maka sun mutu.

Abin da ya sa na fara da wannan roƙo shi ne abin da wani mai gyara ya yi mini. Na kira shi ya duba firintar da nake buga takardun aiki da ita, a daren da nake da takardun da dole in miƙa washegari, ya taɓa nan ya taɓa can, ko saitin rautar bai buɗe ba, sannan ya ce abin da ke kama Wi-Fi a cikinta ya ƙone, kuma shi yana da wata da zai kawo mini in saya. Da na nuna shakka, sai ya ɗaga murya a gaban iyalina yana cewa in bar masu sana'a da sana'arsu, ya karɓi kuɗinsa cif ya tafi. Har yau abin yana ci mini rai, domin mutumin ya san bai bincika ba, ya ga halin da nake ciki, amma ya gwammace ya ci riba da damuwata. Allah ya raba mu da irin waɗannan.

Firintar nan lafiyarta ƙalau, da ita nake aiki har yanzu. Yawancin rautocin zamani suna watsa Wi-Fi a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma da yawansu suna haɗe zangunan ƙarƙashin suna ɗaya, alhali firintoci da kyamarori masu yawa zangon 2.4 kaɗai suka sani. Idan wayar da kake saita kyamarar da ita tana kan 5, sau da yawa a nan aikin yake tsayawa. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke manne a jikin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka raba zangunan kowanne da sunansa, ka ɗora wayar kan na 2.4, sannan ka sake gwadawa.

Ni dai tawa matsalar tsarin tsaro ce. Rautar ta zo a kan WPA3, wanda aka fito da shi a 2018, ita kuwa firintar WPA2 ta iya, kuma ko da aka zaɓi haɗin biyun ba ta yarda ba sai da aka mayar WPA2 zalla. Amma don Allah kada takaici ya sa ka cire kalmar sirri gaba ɗaya ko ka koma tsohon tsarin WEP, wanda tuni aka gano hanyar fasa shi, balle kai da kake da kyamarar da ke kallon ƙofar gidanka. Tun da ka shiga saitin, ka sauya kalmar sirrin shiga rautar ita kanta, domin mutane da dama suna barin wadda ta zo da ita daga kamfani, abin kuwa yana ba ni tsoro ƙwarai.

Ka duba tasha ma, wato lambar channel da ke cikin saitin zangon 2.4. Idan rautar ta zaɓi 12 ko 13 da kanta, na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka ba za ta ga sunan Wi-Fi ɗin ba sam, saboda iyakarta 11, don haka ka tsayar da ita a 1, 6 ko 11. Idan kuma firintar ta hau amma kwamfuta ba ta ganinta, ka tabbata ba a Wi-Fi na baƙi ka ɗora ɗayansu ba, domin shi an yi shi ne don ya hana na'urori ganin juna.

Idan kana tuna sunan Wi-Fi na tsohuwar rautar da kalmar sirrinsa, ka ba zangon 2.4 na sabuwar su daidai, harafi da harafi, sau da yawa na'urorin da kansu suke dawowa. In duk wannan bai yi ba, ka turo mana samfurin kyamarar da na rautar mu duba tare.