Kyamarar aljihu don hoton dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son ƙaramar kyamara ta ɗaukar hoton biki da suna, musamman da dare idan an ɗauke wuta. A kasuwa an ce in duba yawan megafiksel. Haka ne?
Mai karatu daga Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, rabu da zancen megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, 20 ma ya ishe ki. Abu biyu za ki duba: girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske, da faɗin ƙofar gilashi. Nemi sensa mai inci ɗaya. Lambar da ke bakin gilashin kuwa, wadda ke nuna faɗin ƙofar, ƙanƙantarta ita ce alheri: f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5.

Sony RX100 III ta 2014 da Canon G7 X Mark II ta 2016 duk sun cika sharaɗin, ko da na hannu ne. Masu zuƙowa ninki 30 ko 40 ƙaramin sensa gare su, hotonsu na dare dishi-dishi yake fitowa.

Da dare kada ki zuƙo, domin ƙofar tana tsukewa. Ki taka da ƙafarki ki matsa kusa. Sa saurin ɗauka a 1/125 na sakan don masu motsi, ISO kuwa, wato ƙarfin jin haske na sensa, kada ya wuce 3200.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke maƙale gilashi mai shiga da fita. Kafin ki biya, kunna ki kashe sau da yawa, ki ɗauki farin bango ki duba ko akwai tabo. Ƙara da batiri na biyu.