Tambaya da Amsa: Ɗan tsakiya a ƙwallon Ostareliya, ƙoƙarinsa da gurbinsa

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan ƙwallon Ostareliya, wadda ake bugawa a AFL, babbar gasar wasan a ƙasar. Ga wanda bai saba da ita ba, fili ne mai siffar ƙwai, kowane ɓangare 'yan wasa 18, kuma ƙwallon kanta doguwa ce irin ta zari-ruga. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu. Idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya, gol ke nan, maki 6. Idan ta bi ta gefe, tsakanin dogon sanda da gajere, ko ta daki dogon sanda, ko wani ya taɓa ta a hanya, maki 1. Ana yin zubi huɗu, kowanne minti 20 ban da lokacin da ake tsayar da agogo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya ƙi ƙarewa tsakanina da abokaina a kan wani ɗan tsakiyar ƙungiyarmu. Bara yana sakin ƙwallo wajen sau 30 a kowane wasa, bana da ƙyar yake kai 22. Su sun ce ya ƙare, ni na ce da sauransa. Da me ake aunawa? (Mai karatu daga Melbourne)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar da kuke musu a kanta ita ce ta fi kowace ruɗin mutane. Saki shi ne duk lokacin da ɗan wasa ya rabu da ƙwallo bisa ƙa'ida, ko ya buga da ƙafa, ko ya ɗora ta a tafin hannu ya naushe ta da ɗaya hannun. Naushin mita biyu zuwa ga abokin da ke baya saki ɗaya ne, bugun mita 50 da ya faɗa ƙirjin ɗan gaba shi ma saki ɗaya ne. Ka ga kuwa ba za a haɗa su a awo ɗaya ba.

Abin da za ka fara dubawa shi ne sau nawa yake tsayawa a murabba'in tsakiya idan za a tashi wasa, wato a farkon kowane zubi da bayan kowane gol. Murabba'in nan mita 50 ne kowane gefe, kuma mutum huɗu kacal kowace ƙungiya ke sakawa ciki: dogon da ke tsalle ya maro ƙwallo, da 'yan tsakiya uku. Tun 2019 doka ta tilasta shida su tsaya a da'irar gaba (zagayen mita 50 da ke gaban gol), shida a da'irar baya, biyu a gefunan murabba'in, har sai an tashi. Saboda haka kujeru uku ne ake rububi a kansu. Kamfanin Champion Data, mai tattara alƙaluman gasar, yana ƙirga halartar wannan tashi. Idan mutuminku bara yana halartar takwas cikin goma, bana kuma huɗu, to koci ne ya canja masa aiki, kuma raguwar saki takwas ba abin mamaki ba ce. Idan halartarsa na nan yadda take amma lambar ta faɗi, sai a ci gaba da bincike.

Na biyu, raba ƙwallon da yake samu gida biyu. Akwai ta kokawa, wadda ba ta hannun kowa, sai ya sunkuya cikin ƙafafu ya ɗauko ta ana bangazarsa. Akwai ta sarari, wadda abokin wasa ya miƙo masa yana shi kaɗai. Ta kokawa tana nuna ƙarfinsa da zafin namansa. Ta sarari ta dogara da ƙafafunsa da kuma yadda ƙungiyar ke tafiyar da ƙwallo. Idan ta sarari ce ta ragu, duba ko ƙungiyar ta koma dogon bugu ta bakin layi, domin irin wannan salo yana tsallake 'yan tsakiya gaba ɗaya. Idan ta kokawa ce ta ragu, tare da yawan fitar da ƙwallo daga cunkoso, to akwai magana. Galibi ko dai dogon ƙungiyar yana shan kashi a sama, ƙwallon ba ta sauka inda aka shirya, ko kuma ɗan wasan yana ɗauke da ciwo. Ciwon matsematsi da na sharaɓa suna yawan cin 'yan tsakiya, kuma mutum yana iya buga wasa da su makonni ba a sanar ba.

Ciwo irin wannan ido ke gane shi. A wasa na gaba, ka bar ƙwallon ka zuba masa ido shi kaɗai a tashi biyar ko shida. Kalli taku uku na farko bayan ƙwallo ta taɓa ƙasa. Mai lafiya yana fizgar jiki ya bar mai tsaronsa da taku guda, ya ɗauki ƙwallo yana gudu, ya fita ta gaban cunkoson. Mai ciwo yana isa tare da mai tsaronsa, ya ɗauka a tsaye, sai ka ga ya yi saurin nausa ta baya ko ya buga ta sama ba tare da ya ɗaga kai ba. Sannan ka dube shi a zubi na huɗu idan abokan hamayya suka ƙwace ƙwallo: yana komawa da gudu ko yana sassarfa? Ɗan tsakiya yakan ci kilomita 12 zuwa 15 a wasa, kuma tun 2021 canji 75 kawai (ɗan wasa na iya fita ya huta ya dawo) aka yarda wa ƙungiya, don haka babu wurin ɓuya ga wanda numfashinsa ya gaza.

Na uku, ina ƙwallon take zuwa bayan ta bar hannunsa? Duba sau nawa ya shigar da ita da'irar mita 50 ta gaba, mita nawa ya ci wa ƙungiya, da sau nawa ya sa hannu a harin da ya ƙare da maki. Kada ka dogara da kason ingancin saki shi kaɗai. Ana lissafa dogon bugu na sama da mita 40 zuwa inda za a yi kokawar raba-daidai a matsayin mai inganci, ko da ƙungiyar ba ta samu ƙwallon ba, kuma mai yawan gajeren bugu zuwa gefe kullum kasonsa sama yake. Wanda ke ƙoƙarin ratsa tsakiyar fili, inda ake cin wasa, shi ne kasonsa ke faɗuwa.

Wasan ƙarshe biyu sun isa misali. A 2021 Christian Petracca na Melbourne ya saki ƙwallo sau 39 ya karɓi lambar Norm Smith ta gwarzon wasan ƙarshe. A 2019 Dustin Martin na Richmond ya karɓi lambar nan da saki 22, amma da gol huɗu. Idan 22 ɗin mutuminku sun zo da gol ɗaya ko biyu a mako, abokanka su sake lissafi.

Tambaya: Malam, ni ina ganin Nick Daicos ya fi amfani a layin baya inda ya fara. Me ya sa Collingwood ta dage sai ta sa shi tsakiya ana ta bugunsa? (Mai karatu daga Kaduna, mai bin gasar ta intanet)

Amsa: Hujjarka tana da ƙafa. A 2022, shekararsa ta farko, a layin baya na biyu ya yi yawancin wasanninsa, ya kuma lashe kyautar Rising Star ta matashin shekara. Wurin ya dace da mai kyan bugu: wasan duka yana gabansa, yana karɓar ƙwallo a sarari, yana da daƙiƙa ɗaya ko biyu ya zaɓi inda zai aika. Ban da haka, idan abokan hamayya suka ci maki 1, ɗan baya ne ke sako ƙwallo daga bakin gol, kuma tun 2019 yana iya fita da ita da gudu kai tsaye, a rubuta masa saki. Shi ya sa ake kumbura lambobin 'yan wannan layi, kuma shi ya sa ƙungiyoyi ke fara horar da yara masu basira a can. Haka North Melbourne ta yi da Harry Sheezel a 2023, shi ma ya lashe kyautar matashin shekara kafin a matsar da shi gaba.

Duk da haka mu muna tare da Collingwood. Bugun da ya tashi daga layin baya yana sauka a tsakiyar fili, sai an ƙara bugu ɗaya ko biyu kafin a kai gol, kuma a nan ne hari ke lalacewa idan masu karɓa ba su kai shi iya ƙafa ba. Bugun da ya tashi daga gaban murabba'i yana sauka cikin da'irar mita 50, inda, saboda dokar 2019, 'yan gaba shida ke fuskantar 'yan baya shida ba tare da an samu lokacin cika wurin da mutane ba. Mafi tsadar bugu a wasan ke nan, kuma wanda ya fi kowa iya ƙafa ya kamata ya yi shi. Ɗan bayan da zai ba ka kashi 80 na abin da Daicos ke bayarwa a can ana samunsa a kusan kowace ƙungiya. Wanda zai fito daga cunkoso ya ajiye ƙwallo a ƙirjin ɗan gaba, sai an tona.

Inda maganarka ta fi ƙarfi shi ne jiki. Patrick Cripps na Carlton santimita 195 ne, ya fi Daicos da kusan goma, kuma aikinsa ya tsaya a ƙarƙashin dogo ya sha karo ya miƙo ƙwallo. Idan aka sa Daicos wannan aiki an yi asararsa. Tsarin da ya dace shi ne a haɗa shi da masu ƙarfi biyu su yi kokawar, shi ya tsaya taku biyu a waje yana motsi, ya karɓi naushin farko. Ranar da masu ƙarfin ba su nan, ko ana ruwan sama ƙwallo ta ƙi tashi daga ƙasa, mayar da shi baya na zubi guda ba laifi ba ne. Alƙalan wasa dai sun nuna ra'ayinsu: ya zo na uku a ƙuri'ar Brownlow ta 2023 (lambar gwarzon shekara da alƙalan ke zaɓa), ya zo na biyu a 2024 da ƙuri'a 38, shekarar da Cripps ya tara 45.

Tambaya: Ina jin ana cewa an sa wa ɗan wasa mai gadi. Yaya ake karya wannan? (Wata mai karatu daga Sydney)

Amsa: Hajiya, mai gadi ɗan wasa ne da aka ce ya manta da ƙwallo ya manne wa gwanin abokan hamayya kamar kaska. Yana tsayawa tsakaninsa da inda ƙwallo za ta sauka, yana tare masa hanyar gudu, yana dungurinsa har ya fusata. A watan Agustan 2023 Finn Maginness na Hawthorn ya riƙe Daicos a saki 5 kacal kafin ya fita da ciwon gwiwa, Hawthorn kuma ta ci wasan.

Magani uku ne aka sani. Abokan wasa su riƙa tare mai gadin da jiki, abin da doka ta yarda da shi idan ƙwallo tana cikin mita 5. Ko a kai gwanin can bakin gol, domin yawancin masu gadi ba su saba tsaron mutum ɗaya a sama ba. Ko gwanin ya haƙura ya ja mai gadinsa nesa da cunkoso, sauran su yi biyu da biyu a fili mai faɗi. Na ukun nan yana ɓata lambobinsa, sai 'yan kallo su ce bai yi komai ba, alhali aikin da aka sa shi ke nan.

Tambaya: Idan aka mayar da ɗan tsakiya gaba, alamar an fara sallamarsa ce? (Mai karatu daga Yamai)

Amsa: Ya danganta da abin da ya kai can. Gaba tana son abu uku: iya cafke ƙwallo a sama, ƙarfin ture mutum ɗaya, da daidaiton bugu daga mita 40 zuwa 50. Martin, kafin ya yi ritaya a 2024, yana da ukun, shi ya sa a lokacin Richmond take sa shi tashin tsakiya sannan ya zarce gaba ya tsaya, wani ya maye gurbinsa. Ɗan bayan da zai iya gudunsa bai kai shi ƙarfi ba, mai ƙarfinsa kuma bai kai shi gudu ba. Patrick Dangerfield, wanda ya lashe Brownlow a 2016, shekararsa ta farko a Geelong, shi ma da shekaru suka ja an ƙara masa zaman gaba don a tanadi fizgarsa zuwa lokacin da ake buƙata.

Wanda ke shan wahala shi ne ɗan tsakiyar da sana'arsa tara ƙwallo da gajeren naushi. A gaba ƙwallo ba ta zuwa sau 30, tana iya zuwa wajensa sau takwas ko goma, rabinsu a sama. Irin wannan gara a kai shi layin baya na biyu idan yana da ƙafa, ko gefe idan yana da numfashi, amma a tuna ɗan gefe sai ya yi haƙurin riƙe faɗin fili. Wanda ya saba farautar ƙwallo yakan kutsa cikin cunkoso ya bar abokin karawarsa shi kaɗai a waje, kuma daga nan ake cin ƙungiya. Faɗin filin ma yana shiga lissafi, domin MCG, babban filin Melbourne, ya fi filin Geelong faɗi da sama da mita 20.

Hanyar tana komawa ta ɗaya gefen ma. Isaac Heeney ya yi shekaru a gaban Sydney, sai a farkon 2024 raunin Callum Mills da Luke Parker da Taylor Adams ya sa aka tura shi tsakiya. Ya shiga tawagar gwanayen gasar ta shekarar, Sydney ta kai wasan ƙarshe, inda Brisbane ta doke ta da maki 60.