Filin Tambaya da Amsa: Kwancin Kaza da Renon Ƴan Tsaki

*Na sa wa kazata ƙwai 14 a cikin watan Afrilu. Ta kwanta har kwana 23, amma huɗu kaɗai suka fito. Da na fasa sauran, wasu ruwa ne zalla, wasu kuma da ɗan tsako a ciki ya gama girma ya mutu. Laifin kazar ne, in sayar da ita?*
Wata uwargida daga unguwar Birni, Damagaram

Hajiya, kada ki sayar da ita. Kazar da ta haƙura da zafin Afrilu ta zauna kwana 23 a gurbi ta yi nata aikin. Ƙwayayen da kika fasa su ne suka faɗi inda gizo ke saƙa, kuma matsala biyu ce daban.

Waɗanda kika tarar ruwa ne, ko dai ba su da zakara, ko kuma sun lalace tun kafin a sa su. Zakara ɗaya lafiyayye yana isar kaji 8 zuwa 10. In ya tsufa ko kajin sun fi haka, ƙwan da ba na ƙyanƙyasa ba zai yi yawa. Amma a bazarar Damagaram, inda zafi ke wuce digiri 40, tsufan ƙwai shi ne babban mai ɓarna. Kaza takan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ta tara 14. Ƙwan farko yana nan a gurbi, da rana zafi ya tayar da ɗan da ke ciki ya fara girma, da asuba ya tsaya, har ya mutu kazar ba ta ma fara kwanci ba. Don haka ki riƙa kwashe ƙwan kullum, ki bar mata ɗaya da kika yi wa alama don kada ta sake wuri. Ki jera su a kan yashi mai ɗan danshi kusa da randa, tsinin yana ƙasa, ki rubuta rana a jikin kowanne da fensir. Da ta fara kwanci, ki ba ta waɗanda ba su wuce kwana 7 ba, sauran a soya wa yara. Kada a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ruwa yana cire shi. Mai tsaga, mai kashi a jiki, mai girman da ya wuce kima, duk a ware.

Waɗanda suka gama girma suka mutu kuwa, bushewar iska ce galibi. Ruwan cikin ƙwai yana fita ta ƙananan ƙofofin ɓawo. In ya fita da yawa, tantanin ciki ya bushe ya manne wa ɗan tsako, sai ya kasa juyawa ya fasa. Maganinsa yana wajen shirya gurbi. A yi shi a ƙasa, cikin inuwa, ba a cikin kwano ko ƙarƙashin rufin kwano ba. A haƙa ɗan rami mai faɗin santimita 35 zuwa 40, a zuba yashi mai danshi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a sama. Daga kwana na 15, a riƙa yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da gurbin da yamma. Ƙasa za a jiƙa, ba ƙwan ba.

Sannan 14 sun yi wa kazarmu ta gida yawa. Ki tsaya a 8 zuwa 10, babba 12. In kin hango ƙwai yana leƙowa daga ƙarƙashin fiffikenta, sun yi yawa, kuma da yake tana jujjuya su, kowanne sai ya ɗanɗana zaman gefe.

A kwana na 8 ko na 10, ki haska su da dare. Ki dunƙule hannu a bakin tocila, ki ɗora faffaɗan gefen ƙwan. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Wanda haske ya ratsa tas babu komai, da mai jan zobe kewaye, ki fitar da su. Ɓaragurbi in ya fashe a gurbi yana ɓata sauran.

*Kazata tana barin ƙwai kullum ta fita. In kulle ta?*
Wani ɗalibi daga Zango

A'a, ɗana. Dole ta fita sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima. Minti 20 zuwa 30 ba ya cutar da ƙwai, a bazara ko ta kai awa ɗaya babu damuwa. Ka ajiye mata hatsi da ruwa taku biyu ko uku daga gurbin, kada ka sa a bakinsa, don in ba ta tashi ba za ta ɓata ƙwan da kashi. Abin da za ka tsare shi ne sauran kaji, kada su shiga su yi ƙwai a gurbinta. Yi wa nata alama, ka cire duk baƙon da ka gani, domin ba zai fito tare da su ba.

In kuwa tana tashi akai-akai tana susa, ko ta ƙi komawa, je ka da tocila da dare ka duba bango. Kaskar kaji tana ɓoye a tsagar bango da rana, ta fito shan jini da dare. Ita da ƙuma su ne ke korar kaza daga kwanci. Ƙone tsohuwar ciyawa, yaɓe tsagogin, ka zuba toka a wurin birgimarta. Kananzir da maganin feshin gona kada su kusanci kaza mai kwanci: mai yana toshe ƙofofin ɓawo, ɗan ciki ya shaƙe. Hodar da ta dace a wajen likitan dabbobi za ka same ta.

*Ina so in sa wa kaza ƙwan zabbi. Zan iya haɗawa da nata?*
Wani manomi daga Mirriya

Malam, dabara ce mai kyau, don zabuwa ba ta da riƙon ƴaƴa. Takan ja su cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa su ƙare. Amma lura da lissafi: ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabo 26 zuwa 28. In ka sa su rana ɗaya, nata za su fito, ta tashi da su ta bar na zabbin saura mako guda. Ko ka ba ta na zabbi zalla, 12 zuwa 15 tunda ƙanana ne, ko ka sa na zabbin tukuna, bayan kwana 7 ka ƙara nata biyu. Biyun nan suna da amfani, domin ƴan zabbi kan bi su su koyi ci da zaman gida. Zaɓi kazar da ta taɓa ƙyanƙyasa, ba sagara ba, saboda zaman ya fi tsawo. Ƙwan kuma ka saye shi a gidan da ka ga zabbin da idonka, ka ga mazan a cikinsu. Na kasuwa ba ka san kwanansa ba, ba ka san ranar da ya sha a tire ba. Na tsakiyar damina ya fi ƙyanƙyasuwa.

*Ƙyanƙyasa ba ta ba ni wahala. Amma in goma suka fito, da ƙyar uku ke girma.*
Wata mai kiwo daga Magariya

Ƴar'uwa, nan ne mafi yawan gidaje ke asara, kuma a ganinmu nan ne ya fi cancanta a kashe ɗan kuɗi da lokaci.

Ranar fita, ki ƙyale su. Daga huda ɓawo zuwa fitowa yakan ɗauki awa 12 zuwa 24, kuma ɓare wa ɗan tsako ɓawo da hannu yakan tsinka jijiya ya zubar da jini. Ba sa bukatar abinci a ranar farko, gwaiduwar da suka shanye a ciki tana riƙe su har kwana biyu.

Daga nan kada ki sake su. Uwar da ƴaƴan su zauna a akurki ko ƙarƙashin babban kwando a inuwa na mako 4 aƙalla. Kaza uwa ce mai faɗa, amma ba ta iya hana shirwa da shaho da hankaka ɗauka, kuma tana yawo da ƴan kwana uku har su gaji su faɗi. Da dare kuma gafiya da muzuru ne, don haka ƙofa ta rufu sosai. A riƙa matsar da kwandon zuwa busasshen wuri kullum. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mai kashi ita ke kawo zawo mai jini. A hunturu ki kare gefen gabas da buhu ko zana, iskar nan ta asuba tana kashe su fiye da yunwa.

Tsaki kaɗai ba ya gina jiki. Ki haɗa awo 6 na tsakin gero ko masara, 2 na dakakken ƙuliƙuli marar yaji, 1 na dusa, 1 na garin busasshen kifi. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna guba ne, a zubar. In kifi ya yi tsada, gara tana maye gurbinsa: cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, yayyafa ruwa, kife ta inda gara ke fitowa, ki ɗauka da sassafe ki zazzage musu. Don kada uwar ta cinye, ki sa abincin a ƙarƙashin ƙaramin kwando mai ƙofofin da su kaɗai ke iya shiga, ita ki ba ta hatsi. Ruwa a faranti marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe, a sake shi safe da yamma.

Sai rigakafi. Annobar da ke share kaji a lokacin sanyi, wadda ke sa kore-koren zawo da murɗewar wuya, cutar Newcastle ce. Ba ta da magani in ta kama, kafso na mutane da ake zubawa a ruwa ba ya taɓa ta. Akwai rigakafin da ake ɗigawa ɗigo ɗaya a ido, ana yi wa har ƴan tsaki, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Ki nemi ma'aikatan kiwon dabbobi tun da kaka, kuma ku haɗu da maƙwabta, don kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an buɗe ta kuma ba ta ajiyuwa. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da su.

In sun kai mako 5 ko 6, gashi ya rufe su, ki raba su da uwar. Da abinci mai kyau takan koma yin ƙwai cikin mako biyu, alhali in an bar ta sai ta yi wata biyu zuwa uku tana jan su. A tsakiyar hunturu dai ki ƙara musu mako ɗaya ko biyu a ƙarƙashinta.