Tambaya da Amsa: Na'urar Ɗumama Gida Ta Tsaya, In Taɓa Ajiyar Ko-ta-kwana?

Tun da hunturu ya kankama, wasiƙun da ke shigo mana daga masu karatu mazauna ƙasashen sanyi sun karkata wuri guda: na'urar ɗumama gida ta tsaya, kuma kuɗin gyaranta ba ya cikin lissafin wata. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun daɗe muna tara ajiyar ko-ta-kwana, yanzu ta kai ta riƙe mu wata huɗu. Shekaranjiya boilar gidanmu, wato na'urar da ke dafa ruwan ɗumama gida, ta tsaya cak, ga yara ƙanana. Shi ya ce a ciro daga ajiyar, ni kuwa raina bai kwanta ba, na fi son mu karɓi bashi mu bar ta yadda take. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ne ke da gaskiya. Abu uku ake dubawa kafin a taɓa irin wannan ajiya: lalurar ta zo ba zato, ba makawa sai an yi ta, kuma ba ta jira. Mutuwar boila a tsakiyar sanyi ta cika duka ukun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas lokacin sanyi, kuma yara da tsofaffi da masu ciwon ƙirji sun fi kowa jin jiki idan ya gaza. Ga kuma gidan kansa. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga bututu, sai ranar da ƙanƙarar ta narke a ga silin yana zuba. Wannan ɓarnar na iya ninka kuɗin gyaran boila.

Bashin kuwa, ki lissafa shi da kanki. A ce ruwansa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Idan ya shekara ba a biya ba, ya ƙaru da kusan kashi 27. Da wuya ajiyar da ke kwance a banki ta kawo ribar da za ta rufe wannan.

Sai dai kada ki kira mai gyara tukuna. Boila takan tsaya saboda abubuwan da ba sa cin ko sisi, kuma mai gyara zai karɓi kuɗin zuwansa ko da maɓalli kawai ya danna. Fara da na'urar saita zafi da ke jikin bango: idan fuskarta ta dushe ko ta mutu, canza batir, ki ɗaga lambar sama da zafin ɗakin, ki jira minti biyar. Duba akwatin fis na gida ko makunnin boilar ya faɗi. Idan mitar gas ɗinku ta kati ce, tabbatar da saura a ciki, ko ki kunna murhun girki ki ga ko gas na zuwa.

Daga nan ki dubi gejin matsin ruwa da ke gaban boilar. Idan na'urar ta huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan ta sauka can ƙasa, boilar takan ƙi tashi don kare kanta. A ƙarƙashinta akwai ɗan gajeren tiyo, galibi mai saƙar ƙarfe, da bawul, wato makunnin buɗe ruwa da rufewa, ɗaya ko biyu. Kashe boilar, buɗe bawul ɗin a hankali, za ki ji ruwa yana shiga. Idonki na kan allura, da ta kai tsakanin 1 da 1.5 ki rufe gam. Kada ki bari ta wuce, domin idan ta kai 3 bawul ɗin kariya zai buɗe ya zubar da ruwan waje.

Idan an yi daren da ruwa ya daskare, kuma boilar tana ƙugi kamar mai kurkure baki, zargi farin bututun roba da ke fitar da ruwan tururi zuwa waje. Yawancin boilolin zamani suna da shi, kuma yakan toshe da ƙanƙara a gwiwarsa ko a bakinsa. Zuba masa ruwan ɗumi daga waje, ba tafasasshe ba, don tafasasshe na iya fasa robar. Sannan ki danna maɓallin sake tayarwa sau ɗaya. Idan ta sake mutuwa, ki rubuta lamba ko harafin da ta nuna a fuskarta, ki daina dannawa. Wannan lambar ce za ki karanta wa mai gyara a waya, ya taho da kayan da ya dace tun zuwan farko.

Masu na'urar da ke hura iska mai zafi ta cikin bututu, su matatar iska za su fara zarowa. A ɗaga ta ga haske; idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe. Iska ba ta wucewa, cikin na'urar ya yi zafi fiye da kima, sai makunnin kariya ya kashe ta. Ana canza matata duk wata ɗaya zuwa uku a lokacin da ake aiki da na'urar sosai.

Iyakarki ke nan. Murfin boila da duk abin da ya shafi gas, aikin mai lasisi ne.

Tambaya: Boilata ta shekara 14. Mai gyara ya ce injin da ke tura ruwa ya lalace, amma ya ba ni shawarar in canza na'urar gaba ɗaya. Sabuwa za ta cinye kusan duk ajiyata. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, fara da neman ya rubuta maka abu huɗu: sunan abin da ya lalace, kuɗin kayan daban, ladan aiki daban, da tsawon garantin da zai ba ka a kan gyaran. Wanda ya ce "ta mutu kawai" bai gaya maka komai ba. Da wannan takarda za ka nemi farashi daga mutum biyu ko uku, har ta waya.

Ba duk lalacewa ce ke kashe boila ba. Injin tura ruwa, fanka, abin tayar da wuta, bawul mai raba ruwan zafi tsakanin famfo da lagireton ɗakuna (ƙarafan jikin bango da ruwan zafi ke bi ta ciki don ɗumama ɗaki), duk kaya ne da ake cirewa a sa sabo cikin 'yan awoyi. Haka ɗan tankin nan mai roba a ciki da ke karɓar kumburin ruwa idan ya yi zafi. Alamarsa ita ce allurar geji ta yi sama sosai idan boila na aiki, bututun waje ya riƙa ɗiga, da safe kuma a tarar da matsi ya faɗi. Wani lokaci iska kawai ake buga masa ya dawo daidai.

Mai nauyin shi ne ƙarfen ciki da harshen wuta ke dafawa ya miƙa zafi ga ruwa. Idan shi ne ya tsage ko ya rube a na'urar da ta tsufa, gyara asarar kuɗi ce. Haka idan kamfani ya daina ƙera kayanta.

Ma'aunin da aka saba da shi: idan gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, kuma na'urar ta ci yawancin shekarunta, a canza. Boila takan yi shekara 10 zuwa 15, wadda ake kula da ita ta wuce haka. Taka ta tsufa, amma injin tura ruwa bai kai kusa da rabin kuɗin sabuwa ba. A ganinmu ka gyara yanzu, ka tsallake hunturun nan, ka shirya sayen sabuwa idan zafi ya shigo, lokacin da masu gyara ba su da cunkoso kuma kana da sararin tayawa. Sharaɗi ɗaya: ka sa ya gwada hayaƙin da take fitarwa da na'urar gwaji, ya tabbatar maka ƙarfen ciki lafiya lau yake.

Za a ce maka sabuwa za ta rage kuɗin gas. Gaskiya ne, amma ka san iyakarsa. Tsohuwar da ke mayar da kashi 70 na gas zuwa zafi, idan aka musanya ta da mai mayar da kashi 90, gas ɗin ɗumama zai ragu da kusan kashi 22. Idan taka ta riga ta zama irin ta zamani mai bututun ruwan tururi, bambancin kaɗan ne, bai isa dalilin share ajiya ba. Ko da canjin ya zama dole, ka bar abin da zai riƙe gida aƙalla wata ɗaya, ka nemi a raba maka ragowar biya kashi-kashi, bayan ka karanta sharuɗɗan da idonka.

Tambaya: Ni 'yar haya ce. Na biya gyaran da kuɗina saboda sanyi ya matsa mana, yanzu mai gidan yana ja da baya.

Amsa: 'Yar'uwa, a yawancin ƙasashe gyaran na'urar ɗumama nauyin mai gida ne, ba na ɗan haya ba, sai in ɗan hayar ne ya lalata ta. Duba yarjejeniyar hayarki, ki aika masa da buƙatarki a rubuce tare da kwafin rasit da takardar mai gyara. Kada ki zaftare kuɗin daga haya da kanki kafin ki tambayi ofishin da ke ba 'yan haya shawara a inda kike, domin a wasu wurare hakan kan zama bashin haya a kanki. Nan gaba, sanarwa a rubuce ita ce farko, da kwanan wata da hoton gejin ko lambar da na'urar ta nuna.

Waɗanda ke zaune a gidan kansu ma su duba wanda ya kamata ya biya kafin su cire kuɗi. Garantin kamfani yakan ɗauki shekaru, amma galibi da sharaɗin an yi wa na'urar sabis duk shekara kuma akwai shaida. Inshorar gida ba ta cika biyan lalacewar tsufa ba, sai dai takan biya ɓarnar ruwa idan bututu ya fashe.

Tambaya: Mai gyara ya ce sai bayan kwana biyar kayan zai iso. Me za mu yi kafin nan, ba tare da kuɗin wuta ya cinye mu ba?

Amsa: Ku tattaru a ɗaki ɗaya, ƙarami, ku rufe ƙofa, ku toshe ƙasanta da tawul, ku sauke labule da yamma. Hitar lantarki mai kilowat 2 tana shan yunit 2 a kowace awa. Awa 8 a rana yunit 16 ke nan, kwana biyar 80. Ninka da farashin yunit da ke kan takardar wutarku, ka sa shi cikin kuɗin da za ka ciro daga ajiyar, don shi ma ɓangare ne na lalurar. A jona hita kai tsaye a soket ɗin bango, ba a doguwar waya mai baki da yawa ba, a bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule da gado, kuma kada a shanya mata kaya.

Muna roƙonka, Malam, kada a shigo da gawayi ko janareta cikin gida, kada a bar murhun gas a kunne don ɗumi. Duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, tana kashe mutane cikin barci. Lalatacciyar boila ma tana fitar da ita: harshen wutar lafiyayya shuɗi ne, idan ya koma rawaya ko ka ga baƙin hayaƙi ya ɓata jikinta, kashe ta. Ƙararrawar gano wannan iska ba ta da tsada, ka saya yau daga cikin ajiyar, ka sa kusa da ɗakin kwana. Idan kuwa warin gas kuka ji, kada a taɓa makunnin wuta ko ɗaya, a buɗe tagogi, a rufe gas daga mita, kowa ya fita, a kira lambar gaggawa daga waje.

Don bututu, buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a bar famfo yana ɗan ɗiga a daren da sanyi ya tsananta. Idan za ku koma wajen 'yan'uwa, rufe babban bawul ɗin ruwa, ka buɗe famfuna har su tsane.

Tambaya: Gyara ya ci mini kuɗin wata ɗaya da rabi daga ajiyata. Ta yaya zan mayar?

Amsa: Ka mai da shi bashin da kake bin kanka, mai ranar biya. Idan kana son cike gurbin cikin wata 9, kowane wata za ka zuba kashi ɗaya cikin shida na abin da gidanka ke ci a wata. Ka sa banki ya riƙa cirewa da kansa ranar da albashi ya shiga, zuwa asusun da ba ka yawo da katinsa amma kana iya cire kuɗi a rana ɗaya. Abin da ake so shi ne ajiyar ta koma ta riƙe gida wata 3 zuwa 6, a lissafin abubuwan dole kawai: muhalli, abinci, wuta, magani, sufuri.

Akwai kuma gyaran da za ka yi wa tsarin kansa. Lalacewar dare ɗaya lalura ce, amma tsufan na'ura sananne ne, don haka kuɗin sabuwa bai kamata ya fito daga ajiyar ko-ta-kwana ba. Buɗe masa asusu daban. Tambayi kuɗin sabuwa har da ɗaurawa, ka raba da watannin da kake ganin suka rage wa taka. Idan shekara 5 ce, ka raba da 60. Wasu kan ware kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara don gyare-gyare baki ɗaya, tsohon gida ya fi haka ci.

Kuɗin sabis na shekara kuwa ya shiga kasafin yau da kullum. A yi shi kafin sanyi ya shigo, a kunna ɗumama na minti 15 don gwaji. Lagireton da ka taɓa ka ji ƙasansa da zafi samansa da sanyi, iska ce ta taru: kashe na'urar, ka sassauta ɗan bawul ɗin sama da makullinsa, tsumma a hannu, har huci ya ƙare ruwa ya fito, ka ɗaure, sannan ka koma ka duba geji. Wanda samansa ke da zafi ƙasansa da sanyi, laka ce ta kwanta a ciki, ka faɗa wa mai sabis ya wanke layin tun kafin ta kai ga injin tura ruwa.