Ɗana na wasa da ƙwallon furen gida, manja zai kare shi?

Tambaya: Likita, daga Aboabo nake a Kumasi. A gidan da muke haya akwai wani itace a jikin katanga mai fure rawaya kamar ƙararrawa, in an karya reshensa farin ruwa ke fita. Jiya na tarar da ɗana mai shekara 3 yana fasa ƙwallonsa da dutse. Maƙwabta sun ce ko ya ci, in ɗura masa manja ya amayar. Hankalina ya kasa kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, dole hankalinki ya tashi. Wannan shi ne masu sayar da furanni ke kira milk bush, ganyensa da ruwansa da ƙwallonsa duk guba ne, ƙwallon ya fi. Zuciya yake kamawa, ya rage bugunta ko ya rikita shi, kuma yaro na iya yin sa'o'i yana wasansa kafin amai da jiri su fara. Ki kula da bini-da-zugu ma, yara na cin 'ya'yansa don suna da gardi, sai amai da gudawa.

Batun manja kuwa, wallahi ya ishe ni. Sai a kawo mana yaro riga ta yi jawur, an danne shi an toshe masa hanci an ɗura masa, har da cusa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya kashe guba. Yaron da ke kuka yana shure-shure shaƙe man yake yi, ya gangara huhu ya kwanta. Sai mu koma jinyar huhu ga zuciya na jira. Madara ma ba ta karya wannan dafi, haka gawayin murhu da ake dakawa. Wanda muke bayarwa a asibiti sarrafaffe ne, kuma ya fi aiki da wuri. Lokacin da aka ɓata ana neman kwalbar manja gida-gida, da tuni an isa asibitin Komfo Anokye an auna bugun zuciyarsa. Masu cewa "haka iyayenmu suka yi" ba sa tsayawa da mu a bakin gado in numfashi ya sarƙe.

In ya ci, ki cire abin da ya rage a bakinsa, ki wanke masa baki da hannu, ki tsinko reshe da ƙwallon a leda, ku nufi asibiti ko ba alamar komai, ko ki kira lambar gaggawa ta 112. Ki roƙi mai gidan a tumɓuke itacen da safar hannu, a share ƙwallayen da suka zuba, kuma kada a sa rassan a murhu.