Filin Tambaya da Amsa: Shin Talakawa Za Su Iya Gyara Unguwarsu da Kansu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar garin Gombe ne, a nan aka haife ni, a nan kuma nake koyarwa a makarantar Islamiyya. Unguwarmu ta lalace ƙwarai. Lungunan sun matse saboda kowa ya ɗan ci hanya da gininsa, kwatoci sun cushe da leda da yashi, da damina ruwa kan shiga gidaje har ya kayar da katangun ƙasa, ga kuma wani kango da ya zama bola da rana, da dare kuma matattarar masu shaye-shaye. Masu hali duk sun sayi filaye sun koma sababbin unguwanni. Mun sha rubuta takardun koke ba mu ga komai ba, mun kuma taɓa kafa ƙungiya ta watse a kan rikicin kuɗi. Yanzu wasu matasa sun matsa mini in jagoranci sabon yunƙuri. Shin abu ne mai yiwuwa, ko ɓata lokaci ne? Idan zai yiwu, ta ina ake farawa?

Daga wani malamin Islamiyya, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗin ku raba aikin gida biyu tun kafin ku ɗauki shebur: abin da ke cikin lungu da ƙofar gida naku ne, kuma kuna da ƙarfin yin sa, babbar magudana da kwalbati da kwazazzabo kuwa na gwamnati ne, kuma duk ƙungiyar unguwa da ta ce za ta tare su da karo-karon talakawa za ta ƙarar da kuɗinta da haƙurin mutanenta a damina guda.

Yana da kyau mutanenku su fahimci dalilin da ya sa ruwa ya fi addabar tsakiyar gari, domin kada su ɗauka ƙazantarsu ce kaɗai. Tun da aka mayar da mazaunin masarauta Gombe Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919 aka tsara tsofaffin unguwanni daidai da ɗan ƙaramin gari, sai ga shi a 1996 garin ya zama babban birnin jiha, gine-gine suka bazu a kan tudun da ke yamma, inda da can gonaki da itatuwa ke shanye ruwan sama. Yanzu rufin kwano da daɓen siminti ne a wurin, ruwan kuma sai ya gangaro da ƙarfi a kan ƙasa mai yashi wadda ba ta da riƙo. Wanda ya ga ambaliyar watan Agustan 2004 ya san abin da nake nufi. Ke nan wani kaso na ruwan da ke shiga ɗakunanku daga rufin wasu ya taho, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi a hannunku ranar da za ku zauna da hukuma.

Wannan rabon aiki da na ambata an gwada shi an ga amfaninsa. A unguwar Orangi da ke Karachi a ƙasar Pakistan, wani masani mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980 a tsakanin talakawan da ƙazamin ruwa ke kwance a ƙofofinsu. Bai raba musu kuɗi ba. Ya lura cewa unguwa gaba ɗaya ta yi girman da mutane ba za su amince wa juna da kuɗi ba, amma lungu mai gida ashirin zuwa arba'in kowa ya san kowa, saboda haka kowane lungu ya zaɓi jagoransa, ya tara kuɗinsa, ya haƙa ya binne bututunsa, masu shirin kuma suka ba da awo da zane da aron kayan aiki, aka bar wa hukuma manyan magudanan da ƙananan za su zuba a ciki. Da lungu ɗaya ya bushe, maƙwabta da kansu suka riƙa zuwa neman a auna musu nasu, har aikin ya game mafi yawan unguwar. A ganina kuskuren ƙungiyoyinmu da yawa shi ne farawa da babban suna da shugabanni goma sha, alhali ba a gyara ko taku ashirin na kwata ba.

Saboda haka ku fara da zagaye, kuma ku yi shi lokacin da ake tsaka da ruwan sama, ba bayan an ɗauke ba. Ku bi ruwan da ƙafa ku ga ta inda yake shigowa, inda yake tsayawa ya taru, da inda yake neman fita. Ku sa matasan nan su zana taswirar unguwar a babbar takarda, su ƙidaya gidaje da iyalan da ke cikin kowanne, masu gida da 'yan haya, su nuna inda rijiyoyi suke da inda masai yake kusa da rijiya, su kuma ɗauki hoton alamar da ruwa ya bari a jikin katanga. Daga nan ku zaɓi lungu ɗaya, kuma kada ya zama lungun shugaba. Aikin magudana daga ƙasa ake fara shi, wato daga inda ruwan zai fita, a yi ta haurowa. Idan aka fara daga sama, an dai kwashe ruwan ƙofar wani an kai ƙofar wani ne, kuma daga nan husuma ke tashi. Ku nemi injiniya ko safiyo, da wuya a rasa ɗan unguwa ko surukin unguwa mai wannan ilimi, ya auna muku gangaren, domin kwatar da ba ta da gangare tafkin sauro ce da aka kashe wa siminti. Abu ɗaya kuma da ya shafi Gombe musamman: kada ku bar bakin magudanar siminti ya ƙare a kan tsurar ƙasa, domin ruwan da aka tattara wuri ɗaya zai fara cin ƙasar daga nan, ya yi ta ci yana komowa baya, kuma da yawa daga cikin ramukan zaizaya haka suka faro. A yi ginin da rani, a gama kafin ruwan farko.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ya kashe ƙungiyarku ta farko. Shawarata gare ka, Malam, ita ce kada ka riƙe ko kwabo. Mutuncin malami shi ne babban jarin wannan tafiya, kuma zargi ɗaya, ko da na ƙarya ne, ya isa ya zubar da shi. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku su kasance masu sa hannu daga lunguna daban-daban, kada a fitar da komai sai biyu sun sa. A sayi littafin rasit. Kowace Juma'a a manna takarda a jikin bangon masallaci da ke nuna abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin buhun siminti da na tifar yashi da ladan birkila, a kuma aika hotonta a zauren WhatsApp na unguwa domin waɗanda suka ƙaura su gani. Su ma kada ku cire su daga lissafi, don galibinsu iyayensu da gidajen gadonsu suna nan, kuma mutum ya fi sakin hannu idan ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Karo-karon ya zama kaɗan ne a kai a kai, daidai ƙarfin mai tura baro da mai sayar da ƙosai, wanda ba shi da kuɗi kuma a rubuta masa yinin da ya yi yana haƙa a matsayin nasa kason. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin gayya ne aka haɗa shi da rubutu.

Idan lungu ɗaya ya kammala, lokacin zuwa wurin hukuma ya yi, kuma za ku tarar an saurare ku fiye da da, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku bi ta hannun mai unguwa da hakimi, ku tafi da taswira da hotuna da littafin kuɗi, ku nemi abu ɗaya takamaimai, kamar kwalbati a mahaɗa kaza ko motar kwashe shara daga GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Gombe, a rana kaza. Shirin raya al'umma na CSDP, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021, a kan wannan ƙa'ida aka gina shi: al'umma ta zaɓi aikinta, ta kafa kwamitin da zai riƙe shi, ta kawo kashi 10 cikin ɗari da kuɗi ko kayan aiki ko ƙarfin jiki. Idan kuma matsalarku ta kai ga kwazazzabo, wannan hurumin manyan shirye-shirye ne irin su ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Gudummawar ɗan siyasa ku karɓa, ku rubuta ta a bango kamar ta kowa, amma kada ku yarda ƙungiyar ta ɗauki launin wata jam'iyya, domin rabin unguwa zai janye a ranar.

Samarin da ke kwana a kango 'ya'yanku ne. Gombe ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar matasa ba aikin yi har wasu suka mayar da su 'yan kalare, wato 'yan dabar siyasa, saboda haka ku ba su aikin da ake biya, ko da kaɗan ne: haƙa, dakon yashi, da bin gidaje da baro suna karɓar shara a kan ɗan abin da aka yanka wa kowane gida. Shi kuwa kangon, kusan kullum za ka tarar gidan gado ne da magada suka kasa rabawa. Ku nemo su cikin mutunci ta hannun mai unguwa, ku roƙi izini a rubuce na share shi da amfani da shi na wasu shekaru, ko ku kwaɗaita musu yin wakafinsa ga iyayensu. Kada ku kafa ko bulo ɗaya a kai ba da takarda ba. Maganar waɗanda suka ci hanya kuma ku jinkirta ta har jama'a su ga amfanin aikin, domin ita ce mafi zafi.

TAMBAYA: Ni bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ina haya a ɗaki biyu a cikin garin Gombe, ina sana'ar ɗinki. Mazan layinmu sun fara tara kuɗin gyaran kwata kuma sun ce kowane ɗaki sai ya biya. Tsorona shi ne mu biya, layi ya yi kyau, mai gida ya ƙara kuɗin haya ya kore mu. Shin dole ne in bayar?

Daga wata mai karatu, Gombe

AMSA: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma ya kamata masu jagorantar irin wannan aiki su ji shi da kyau. A garuruwa da yawa na duniya an gyara unguwar talakawa, sai gyaran ya zama sanadin fitarsu, domin ƙasa ta yi daraja. A Gombe ma gidan haya yana da masu nema, musamman tun da rikicin Arewa maso Gabas ya koro jama'a da yawa zuwa garin.

Adalci shi ne a bambanta abu biyu. Ginin kwata da siminti ƙari ne a kan darajar gida, yana nan ko kin tashi, saboda haka kason mai gida ne. Kuɗin kwashe shara da yashe kwata kuwa na duk wanda ke zaune ne, kuma wannan ina ba ki shawara ki bayar, don 'ya'yanki ne ke fara kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa idan ruwa ya kwanta. Idan mai gida ya ce ba shi da hali a yanzu, ki biya a madadinsa bisa yarjejeniyar za a cire daga kuɗin haya, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a kuma ajiye kwafi wurin mai unguwa. A cikin takardar nan ku nemi ya amince ba zai yi ƙari ba har tsawon wani lokaci da kuka daidaita. Ke kaɗai ba za ki iya sa shi ba, amma idan kwamitin layi ya mayar da wannan ƙa'ida a kan kowane gidan haya kafin a fara haƙa, da wuya mutum ɗaya ya fita daban a gaban liman da maƙwabtansa.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a bar kwamiti a hannun maza masu gida kaɗai. Mata ne ke wuni a unguwa, su suka san rijiyar da ruwanta ya sauya wari da lungun da yara ke tsoron bi bayan magariba, kuma mafi yawan adashin da ke tafiya shekara da shekaru ba tare da rigima ba a hannunsu yake. Ki tara matan layin, masu haya da matan masu gida, ku zaɓi biyu daga cikinku masu magana da hankali, ku aika wa mai unguwa cewa kuna son wakilci a kwamitin da kuma a cikin masu duba littafin kuɗi. Idan zama da maza a zaure ɗaya zai yi wuya, ku yi naku taron a cikin gida, wakilanku su kai matsayarku a rubuce kafin a yanke adadin da kowane ɗaki zai biya.