Shafin da ke kan layin ƙanenki ba naki ba ne

Tambaya: Ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa a Instagram. Ƙanena ne ya buɗe mini shafin da layinsa, kuɗin ciniki ma asusunsa suke shiga. Na tara naira 200,000, in zuba su a talla don mabiya su ƙaru?

Hajiya, ajiye maganar talla tukuna. Gini kike shirin yi a filin da takardarsa ba ta hannunki.

Ban ce ƙanenki macuci ba ne. Amma kamfani bai san zumunci ba, wanda lambar sirri ke shiga wayarsa shi ne mai shafi. Ran da aka sace wayar, ko kuka saɓa, mabiyan sun tafi. Kuɗin ya fi muni. Tun Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce a ɗaure kowane asusu da BVN ko NIN na mai shi. In wata ta kai ƙara cewa ta biya ba a aiko mata kaya ba, aka daskarar da asusun, banki ba zai saurare ki ba ko da rasit ɗin duniya kika kawo. Shi za su nema.

A makon nan ki sayi layi da NIN ɗinki, ki sauya lamba da imel na shafin zuwa naki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar tsaro da za a nema kafin a shiga shafin. Ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusu da shi. Ƙanenki ya ci gaba da ɗora hotuna, ki yanka masa lada.

Ko bayan haka, 'yar haya ce ke a Instagram. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, wata bakwai cur, ba a yi shawara da ɗan kasuwa ko ɗaya ba. Don haka ki sami littafi: sunan kowace mai saye, lambarta, abin da ta ɗauka.

Tallan kuwa, Meta, kamfanin da ke da Instagram, na ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wato 15,000 a kan 200,000 ɗin nan. Gwada 3,000 a rana na mako guda, ki ƙirga turmi nawa suka fita. Mabiya dubu goma da ba su saya ba sa biyan kuɗin makarantar yara. Sauran kuɗin ki ƙaro kaya.